Shin Ko Kun San? Yadda Jamus Ta Sa Wa Fankon Kwalba Kuɗi

Shin ko kun san a Jamus duk wanda ya sayi ruwa ko lemo a robar sha-ka-yar ko a gwangwani sai an ƙara masa santi 25, wato rubu'in Yuro ɗaya, a kan farashin? Jingina ce, su suna ce mata Pfand. In ka shanye, ka mayar da fankon kanti ka zura a wata na'ura, ta karanta tambarin da ke jikinsa, ta tofo maka 'yar takarda ka karɓi kuɗinka. Sama da kashi 95 cikin 100 na waɗannan robobi da gwangwanaye suna komawa, kuma ba sai an yi wa kowa wa'azi ba.

Dokar ta fara aiki ran 1 ga Janairun 2003, zamanin da Jürgen Trittin yake ministan muhalli, kuma da farko ta ba mutane haushi ƙwarai. Sai ka koma kantin da ka saya, da rasit a hannu, kafin a ba ka kuɗinka. Matafiyin da ya sayi lemo a tashar jirgin ƙasa ta Balin ya sauka a wani gari ya tafka asara ke nan. Sai a watan Mayun 2006 aka gyara: duk babban kantin da ke sayar da abin sha a roba dole ya karɓi robar, ko a ina aka saye ta.

Ko kun san tushen abin ya girmi haka? Tun a 1991, minista Klaus Töpfer, wanda daga baya ya shugabanci hukumar kare muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Nairobi, ya fito da wata doka mai sauƙin faɗa: wanda ya naɗe kaya ya kawo kasuwa, shi zai ɗauki nauyin kwashe abin da ya naɗe da shi. A da ƙaramar hukuma ce ke kwasar bola da harajin talaka, kamfani kuwa ya ci riba ya kaɗe riga. Da aka ce kowane kwali da kowace leda sai kamfani ya biya gwargwadon nauyi da irin kayan, nan da nan aka ga kamfanoni suna rage kauri suna cire kwalayen ado. A ganina nan ne gishirin tsarin gaba ɗaya yake, sauran duk ƙari ne.

Wannan koren tambari mai kibiya biyu da suka naɗe juna, wanda kuke gani a bayan wasu kayan Turai, daga nan ya samo asali. Mutane da yawa sun ɗauka yana nufin an sake sarrafa robar. A'a, shaida ce kawai cewa kamfanin ya biya kuɗin kwasar shara.

A 1994 majalisa ta zartar da dokar da ta ɗauki sunan tsarin kansa, tattalin arzikin jujjuya kaya, inda abin da aka gama da shi yake komawa masana'anta maimakon juji. Ta fara aiki a 1996. Ministar muhalli a lokacin? Angela Merkel.

Shin ko kun san tun watan Yunin 2005 haramun ne a Jamus a kwashi sharar gida a jibge ta a rami haka nan? Dole a fara tace ta, ko a ƙone ta a masana'antar da ke mayar da zafin ya zama lantarki ko ɗumin gidaje.

Gida ɗaya, kwandon shara huɗu: rawaya na roba da gwangwani, shuɗi na takarda, ruwan ƙasa na ɓawo da ragowar abinci, baƙi ko toka-toka na abin da ya rage. Kwalaben gilashi da babu jingina a kansu ana kai su manyan akwatunan unguwa, a raba fari da kore da ruwan ƙasa. Shuɗiyar kwalba fa? Wajen kore take shiga. Kuma kada ka kuskura ka jefa ran Lahadi, maƙwabta ba sa son ƙarar.

Akwai kwalbar da ba a narkarwa, wankewa ake yi a sake cikawa. Jinginarta santi 8 ko 15 ce, kuma ta gilashi tana iya zagayawa har sau 50. Wanda ya girma a Kano ko Maraɗi ba baƙonsa ba ne wannan: da can mai shago ba ya barinka ka tafi da kwalbar lemo sai ka ajiye kuɗinta ko ka kawo fanko. Muna da tsarin, robar zamani ce ta kore shi.

Su ma Jamusawan tana korar musu shi. Doka ta sa burin kashi 70 cikin 100 na abin sha ya kasance a kwalbar da ake sake cikawa, amma abin da ake samu bai kai rabi ba.

Ko kun san Jamus ma tana da 'yan jari-bolanta? Marasa muhalli da tsofaffin da fanshonsu bai isa ba suna bin tashoshi da filayen ƙwallo suna tsintar kwalabe. Har ta zama ɗabi'a a birane: in ba za ka mayar da taka ba, ka ajiye ta gefen kwandon shara, don mai tsinta kada ya cusa hannu cikin ƙazanta. Jinginar da ba a karɓa ba kuwa ba ta zuwa baitulmali, a hannun kamfanoni da 'yan kasuwa take zama.

Garin Tübingen, mai mutum kusan 90,000, ya ga duk wannan bai hana tituna cika da kofuna da mazuban abinci ba. A 2022 ya sa harajin santi 50 a kan kowane kofi ko mazubi na yarwa, santi 20 a kan cokali. Mai gudanar da reshen McDonald's na garin ta kai ƙara, aka yi ta ja har kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe. A Janairun 2025 kotun ta ce garin ne da gaskiya.

To amma kada yabon ya yi yawa. Iya raba shara daban, rage ta daban. A 2021 kowane mutum a Jamus ya yar da kayan naɗi sama da kilo 230, adadin da ke cikin mafi yawa a Tarayyar Turai. Shekara da shekaru wani kaso na robar da suka tara Sin ake turawa. Da Sin ta rufe ƙofarta a 2018, jiragen ruwan suka karkata zuwa Maleshiya da Turkiyya.

In kun sayi lemo na Turai kuka ga murfin ya maƙale a wuyan robar ya ƙi rabuwa, kada ku zargi masana'anta da ha'inci. Dokar Tarayyar Turai ce tun Yulin 2024, don murfin ya koma tare da robarsa.