Kasa Tantance Abin da Rai ke Ji a Lokacin Annoba: Misali daga Bibemi

Wannan takarda za ta duba wata matsala da masana halayyar ɗan Adam suke kira aleksitimiya. Wani likitan taɓin hankali a Amurka, Peter Sifneos, shi ne ya ƙirƙiro kalmar daga Girkanci a farkon shekarun 1970, ma'anarta kuwa rashin kalmomin da za a bayyana abin da rai ke ji. Mai wannan matsala jikinsa yana motsawa kamar na kowa, sai dai ba ya iya tantance tsoro ne, ko fushi, ko baƙin ciki.

A ranar 6 ga Maris 2020 aka tabbatar da ɓullar korona a Yawunde, ranar 17 ga wata kuma gwamnatin Kamaru ta ba da sanarwar rufe iyakoki da makarantu. Mu ɗauki misalin ɗan kasuwa a Bibemi, cikin yankin Binuwai, wanda yake saro kaya daga Garwa. Ciniki ya ja baya, rediyo kullum batun cuta. Da dare sai ya ji bugun zuciya da gumi, numfashi yana yi masa sama-sama. In ya gane fargaba ce, zai faɗa wa wani ko ya yi addu'a, hankalinsa ya kwanta. In bai gane ba, sai ya ɗauka cutar ce ta kama shi, tun da sarƙewar numfashi na cikin alamominta. Wannan zato ya ƙara masa tsoro, tsoron kuma ya ƙara tsananta alamomin.

A nan ne ɗalibin harshe ya kamata ya yi hattara. Bahaushe a jiki yake ajiye yawancin abin da yake ji: gabana ya faɗi, cikina ya ɗuri ruwa, jikina ya yi sanyi, zuciyata ta tafasa. Wanda ya ce gabansa ya faɗi ya san sarai tsoro yake nufi, ba ciwon ƙirji ba. Saboda haka ambaton jiki ba shaidar aleksitimiya ba ce, kuma a ganina mai binciken da bai san salon maganar ba zai iya yanke wa al'umma guda hukuncin da ba nata ba.

Akwai kuma ɓoyewa. A ƙasar Garwa, inda Fulatanci ya fi yaɗuwa, kunya da fulako suna hana magidanci ya ce yana jin tsoro. Za a tambaye shi ya ce lafiya lau, alhali ya san abin da ke cinsa. Wannan kawaici ne, ya bambanta da kasa ganewa.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne na Toronto mai tambayoyi 20, wanda ya fito a 1994. Duk ɗalibin da ya gwada fassara shi zai fara cin karo da zaɓi tsakanin rai da zuciya da hankali, domin ɓacin rai daban, tashin hankali daban.