3.2 Tasirin Ci-gaban Fasaha a Kan Mulkin Ƙananan Hukumomi a Masarautar Daura

A sashen da ya gabata an yi bayanin yadda gyaran mulkin ƙananan hukumomi na shekarar 1976 ya kawo ƙarshen En'e, ya mayar da sarki uban ƙasa mai ba da shawara. A nan kuma za a dubi yadda na'urorin zamani suka shafi dangantakar talaka da ƙaramar hukumarsa a wannan masarauta, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar, wato Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango.

A zamanin En'e, labarin hukuma ta tsani guda yake gangarowa: daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, sannan mai shela ya sanar da jama'a. Koke ma ta wannan tsanin yake hawa. Ta fuskar ilimin zamantakewa, duk wanda labari yake bi ta hannunsa yana riƙe da wani yanki na iko, domin shi ke zaɓen abin da zai isar da wanda zai danne. Rediyo ne ya fara raunana wannan tsari, sai dai shi rediyo faɗa yake yi, ba ya sauraro.

Babban sauyi ya zo ne bayan shigowar wayar salula Nijeriya a 2001. A 2004 kuma Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fara buga kason da kowace ƙaramar hukuma take samu duk wata a jaridu. A yau malamin firamare a Sandamu yana iya ganin wannan adadi a wayarsa, ya kuma ɗauki hoton ajin da rufinsa ya yaye ya sa a Facebook. Abin da a da sirrin ma'aji ne ya zama zancen majalisar mai shayi.

To amma sanin adadin kuɗi daban, iko da su daban. Sashe na 162 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, saboda haka kuɗin ta Katsina suke bi. Ke nan talaka kan tuhumi ciyaman a kan kuɗin da wataƙila ba shi ya yanke yadda za a kashe su ba. Haka abin yake a wajen zaɓe. Na'urar tantance katin zaɓe ta 2015 da BVAS ta 2023 duk na INEC ne, ita kuwa ba ta shirya zaɓen ciyamomi da kansiloli a jihohi. Wannan aikin hukumar zaɓe ta jiha ne, kuma a zaɓen 2022 jam'iyya mai mulki ce ta mamaye kujerun ciyamomi na Jihar Katsina.

Akwai wani abu da ya keɓanta da Daura. Tsakanin 2015 da 2023, lokacin da Muhammadu Buhari yake shugabancin ƙasa, manyan ayyuka irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri da layin dogon Kano zuwa Maraɗi duk daga Abuja suka fito. Wannan ya koya wa jama'a ɗaga kai sama idan suna da buƙata, waya kuma ta sauƙaƙa hakan. Mai koke ya kan tsallake kansilan mazaɓarsa ya aika saƙo ga ɗan majalisa ko wani na kusa da gwamnati. A nan fasaha ba ta ƙarfafa ƙaramar hukuma ba, hanyar kewaye ta ta buɗe.

A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓu. Sai dai shirya zaɓen kansa ya ci gaba da zama a hannun hukumar da gwamna ke naɗa shugabanninta.