3.2 Tallafin Ƙungiyoyin Agaji ga Yara da Iyalai Bayan Yaƙin Basasar Nijeriya

A wannan sashe an yi ƙoƙarin bayyana irin tallafin da yara da iyalai suka samu bayan yaƙin basasar Nijeriya, wanda aka fara a ranar 6 ga Yuli, 1967, aka kuma kawo ƙarshensa a ranar 15 ga Janairu, 1970. Manufar ita ce a nuna cewa ciyar da yaro mataki ne na farko kawai, babban aikin shi ne mayar da shi hannun danginsa da kuma taimakon gidan da zai riƙe shi.

3.2.1 Yaran da Aka Fitar Waje

A lokacin yaƙin, toshe hanyoyin shiga yankin Biyafara ya haddasa yunwa mai tsanani, kuma ƙananan yara ne cutar tamowa ta fi yi wa ɓarna. Saboda haka ƙungiyoyin agaji, musamman na coci-coci irin su Caritas, suka riƙa shigar da abinci da magani cikin dare ta filin jirgin sama na Uli. Idan jiragen za su koma, sukan ɗauki yaran da suka fi galabaita zuwa Gabon da Kodebuwa da tsibirin Sao Tome domin a yi musu magani. Ta wannan hanya aka ceci rayukan dubban yara.

Sai dai bayan an ajiye makamai wata matsalar ta taso. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙi karɓar taimako daga ƙasashe da ƙungiyoyin da take ganin sun mara wa Biyafara baya, don haka nauyin rabon agaji ya faɗa wuyan Ƙungiyar Red Cross ta Nijeriya da hukumar farfaɗo da jama'a ta gwamnati. Dawo da yaran kuwa sai da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a ƙarƙashin Sadruddin Aga Khan, ta shiga tsakani. Daga ƙarshen 1970 zuwa farkon 1971 an dawo da yara fiye da 4,000 daga Gabon da Kodebuwa.

3.2.2 Neman Dangi da Riƙon Marayu

Saukar da yaro a ƙasarsa bai kammala aikin ba. Da yawa an tafi da su suna ƙanana ƙwarai, ba su san sunan ƙauyensu ko na mahaifinsu ba. Dole ma'aikata suka bi gari-gari suna cigiya, suna dogara da ɗan bayanin da aka rubuta ranar ɗaukar yaron. Waɗanda ba a gano danginsu ba aka ba da riƙonsu, ko aka ajiye su a gidajen marayu. Irin wannan buƙata ce ta sa ƙungiyar SOS ta buɗe ƙauyen yara na farko a Nijeriya a Isolo, Legas, a 1973, inda ake haɗa marayu kaɗan a gida ɗaya a hannun uwa ɗaya.

Haka kuma, gidajen da yaran suka koma su ma a cikin ƙunci suke. Wanda ya yi ajiya a banki da kuɗin Biyafara fam 20 kacal aka ba shi, komai yawan ajiyarsa, wasu kuma suka rasa gidajensu na Fatakwal. Mahaifin da ba shi da jari ko irin shuka ba zai iya ciyar da ɗan da aka dawo masa da shi ba, balle ya biya masa kuɗin makaranta.

3.2.3 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa agajin bayan yaƙi hawa uku ne: ceton rai, haɗa yaro da danginsa, sannan tallafa wa iyali su tsaya da ƙafafunsu. Duk ƙungiyar da ta tsaya a hawa na farko ta bar aikin a rabi. Sashe na gaba zai duba yadda aka sake buɗe makarantu a yankin.