Abin da ke cikin buhun simintin Malbaza

Duk mai bin hanyar Ƙwanni zuwa Dogarawa ya san masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ta soma aiki a 1966. Sai dai ba kowa ya san cewa kowane buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kimanin kilo 2 na farin dutsen jifsam ba. Sinadarin salfet da ke cikinsa, dangin farar wuta, shi ke hana kwaɓi daskarewa nan take, har magini ya samu sukunin aiki. Shi ne ma cikin alif da mata ke sayarwa don kwantar da lakar ruwa. Amma fa 'yan kasuwa, salfet ba ya ceton buhun da ya sha danshin damina. A jera kan katako, nesa da bango.