Goge da Ƙwarya, Celo da Fiyano: Inda Kwatanci Ya Tsaya

Malamin da ya tashi bayyana wa ɗalibansa wani kiɗa na Turawa, tilas ya nemi abin da suka sani ya kwatanta da shi. Kiɗan da za mu duba a nan shi ne na mutum biyu, ɗaya da celo, ɗaya da fiyano. Wanda duk ya taɓa zuwa biki a ƙauyukan da ke tsakanin Kankiya da Kusada, ya ga mai goge da makaɗin ƙwaryarsa, nan da nan zai ce ai ga irinsa a gida. Da gaskiyarsa, amma rabi.

Mu fara da inda suka yi kama. Celo dai babban goge ne na katako mai tsirkiya huɗu, mai kaɗa shi yana zaune ya sa shi tsakanin gwiwoyinsa. Sunan na Italiyanci ne, kuma baƙin c namu ya dace da yadda su ke faɗinsa. Goge kuwa tsirkiya ɗaya gare shi, ta izgar doki, a kan ƙoƙo da aka rufe da fatar guza. Bakan da a ke goga su duka biyu na izga ne, kuma dukansu sai an shafa masa ƙaro kafin ya kama. Dukansu suna iya jan murya ta daɗe, su lanƙwasa ta kamar maƙogwaron mutum.

To, a wajen abokin tafiya ne kwatancin ya karye. Ƙwarya aikinta riƙe taki. Ba ta hawa, ba ta sauka, mai goge ne ke gaba, ita tana biye. Fiyano kuwa yana da maɓallai 88, kowanne da muryarsa, kuma mai kaɗa shi yana iya fid da muryoyi da yawa a lokaci ɗaya. Saboda haka kuskure ne a koya wa yara cewa fiyano ƙwaryar Turawa ce. A farkon al'amari ma shi ne maigida. A 1796, watau shekara takwas kafin hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu, Beethoven ya tsara kiɗa biyu irin wanda su ke kira sonata, ya kaɗa su a Balin, a fadar Sarkin Furusiya Friedrich Wilhelm na biyu, wanda shi kansa makaɗin celo ne. Da aka buga su, sunan fiyano aka fara rubutawa a bangon, na celo ya biyo baya. Sai a ta uku, wadda ya gama a 1808, ya daidaita su: celo ne ke buɗe kiɗan shi kaɗai, sa'an nan fiyano ya karɓa. Ya ƙara biyu a 1815, suka zama biyar. Brahms ya yi biyu a bayansa, a 1865 da 1886.

Wahalar wannan daidaitawa ba ƙarama ba ce, gama halinsu ba ɗaya ba ne. Muryar fiyano tana fara mutuwa tun daga sa'ad da aka taɓa shi, ta celo kuwa tana iya ƙaruwa. Ga shi kuma fiyano na yanzu ya fi na zamanin Beethoven ƙarfi nesa, in mai kaɗa shi bai yi hattara ba sai ya danne abokinsa.

Akwai wani bambanci wanda a ganina ya fi wannan zurfi, kuma na harshe ne. Hausa tana da karin sauti, hawa da sauka suna canza ma'anar kalma. Don haka goge yana magana. In aka kaɗa taken mutum, ko na wani iska a wasan bori, waɗanda suka san shi kalmomi su ke ji. Bahaushen da ya saurari celo yakan jira ya ji me ya ke faɗi, ya ƙosa bai ji kome ba. Lalle ne malami ya gaya wa ɗalibai tun da fari cewa babu kalma a ciki. Abin da a ke bi da kunne shi ne ɗan guntun kari, yadda ɗaya ya ke miƙa wa ɗaya, ya dawo a sāke.

Saura suna. Turawa suna jingina irin wannan kiɗa ga ɗaki, domin na mutane kaɗan ne, ba mai tsayawa gabansu yana ba da umurni. In muka ce kiɗan ɗaki, hankalin Bahaushe zai tafi cikin gida wajen mata. Ni na fi son mu ce kiɗan zaure, gama a zaure ne tsara biyu su ke zama su yi hira, kowa ya saurari ɗan'uwansa kafin ya karɓa.