Tsohuwar Kwamfuta A Magariya Da Dungas: Jari Ce Ko Shara?

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Magariya zuwa Kano ta Tinkim da Babban Mutum, ko mai fita daga Dungas zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya san cewa ba hatsi da dabbobi kaɗai ke tsallaka iyakar ba. Cikin kayan da ake shigowa da su har da tsofaffin kwamfutoci, waɗanda akasarinsu sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, aka sauke su a Legas, suka bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, sannan suka iso titin Beirut a Kano.

Kayan nan kuwa ba za su ragu nan kusa ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tattara aka sarrafa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ga shi kuma a watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft ya rufe kulawar yau da kullum da yake ba manhajar Windows 10, abin da ya sa ma'aikatu da dama ke rabuwa da na'urori masu rai saboda kawai ba sa ɗaukar Windows 11. Irin waɗannan su ne rabon mai wayo, domin mai gyara zai iya ɗora musu Linux, manhajar da ba a biyan ko dala a kanta, su ci gaba da aiki shekaru.

To, me mai sayar da ƙuli-ƙuli ko man gyaɗa za ta yi da kwamfuta? Ita kaɗai, ba komai. Amma ƙungiya fa? Tun 1991 da ƙungiyar CARE ta fara tsarin asusun Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi, mata ke zubi duk mako, suna ba juna rance, kuma tsarin ya bazu ƙasashe da yawa. Inda rigima kan tashi shi ne wajen lissafi: wa ta zuba, wa ta ci bashi, nawa ne riba ranar rabo. Littafi yakan jiƙe da damina, gara ta ci shi, ko mai riƙonsa ta yi tafiya. Kwamfuta ɗaya ta hannu, a wurin 'yar lakwal ɗin da mata suka amince da ita, ta isa ta riƙe lissafin ƙungiyoyi goma, ba kuma sai da intanet ba. In aka haɗa ta da na'urar buga takarda, sai ta koma sana'a: katin biki, takardar neman aiki, rasiɗin dillalai, wanda duk sai an biya. Sharaɗi dai kada a jefar da littafin. Na'ura ma takan mutu rana tsaka, don haka a riƙa kwafe bayanan a wani wuri.

Wajen saye, a nemi ta hannu, ba mai akwati da ƙaton gilashi ba. Wutar NIGELEC ba ta kai kowane ƙauye ba, kuma mutane ba su manta da 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar tsawon watanni. Ta hannu tana cin wuta kaɗan, faifan hasken rana ɗaya ya ishe ta. A kunna ta a gaban mai sayarwa, a cire waya a ga ko batirin na riƙe caji, a danna kowane harafi, a saurari fankar. Wanda ya ce "sai ka je gida ka gwada" yana so ya sayar maka da biri a sama ne. Ƙurar hunturu da zafin bazara su ne manyan abokan gabanta, saboda haka a rufe ta da zane, kada kuma a ɗora ta kan katifa tana aiki.

Babbar damuwar ita ce wadda ta mutu. Tun 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta ba da rahoton cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan lantarki ke shiga Legas duk wata, kuma masana harkar a can sun ce har kashi uku cikin huɗu na iya zama matattu. Yarjejeniyar Bamako ta 1991, wadda Nijar ke ciki, ta hana shigo da shara mai guba Afirka, amma wa zai kunna kowace na'ura a bakin iyaka?

Akwai dalma a gilashin tsofaffin allunan nan masu ƙeya, akwai ta a mahaɗin wayoyin ciki, akwai zaiba a fitilun wasu allunan. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Guba ce da ba ta wari, kuma ƙananan yara da masu juna biyu ta fi kamawa. Shi ya sa bai dace a bar yara 'yan jari-bola suna ƙona wayoyi don cire jan ƙarfe kusa da rumfar masu ƙosai da tuwo ba, balle a hura murhu da robar kwamfuta. Hayaƙin yana sauka kan abinci, tokar kuma ta bi ruwan sama zuwa fadamar da ake noman rake da kayan lambu.

Wayar za a iya feɗe ta da wuƙa ba tare da wuta ba, jan ƙarfen ma ya fi fitowa da tsabta. Sauran gangar jikin a kai wa mai gyara tukuna, domin daga matattu uku yakan tayar da ɗaya, ya kuma cire ƙwayoyin batirin da ke da sauran rai ya haɗa fitilar kasuwar dare. Wannan aikin gwani ne, don batirin da ya kumbura ko aka huda yana kama wuta. Ya kamata sarakunan kasuwa da ma'aikatun magajin gari na Magariya da Dungas su ware wa masu wannan sana'a fili nesa da layin abinci da rijiyoyi.