Laifin wani, layin wani: dokar haƙƙin mallaka da mai ƙaramin shago a Rumde

Ranar 17 ga Maris, 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022. A Adamawa kusan babu wanda ya waiwaye ta, domin washegari ake zaɓen gwamna, ga kuma wahalar takardun naira. Amma a cikinta akwai sashen da ya shafi duk mai cin abinci da intanet, tun daga mai shagon buga takardu da cike fom a Rumde har mai tura fina-finai a waya a kasuwar Jimeta.

Dokar ta ba mai fim ko mai waƙa damar rubuta wa kamfanin intanet cewa an ɗora kayansa ba da izini ba, kamfanin kuma ya sauke su. Idan ƙorafi ya maimaitu a kan asusu guda, sai a gargaɗi mai shi, in an sake kuma bai ƙalubalanta ba, a dakatar da asusun na aƙalla wata ɗaya. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ma ta samu ikon toshe shafukan da ke satar fasaha.

Masu fim suna da gaskiyarsu, kada a yi musu. Kasuwar faifai ta Kannywood ta durƙushe, kuma 'yan dawunlodin na cikin waɗanda furodusoshi suka fi kuka da su. Mutum ya zuba dukiyarsa ya shirya fim, kafin ya mayar da kuɗinsa ya tarar ana tura shi a waya da 'yan canji. Wannan zalunci ne.

Matsalar tana wajen wanda sandar za ta faɗa wa. Kamfani ba ya ganin hannun da ya taɓa kwamfuta, sunan mai layi yake gani. Tun ƙarshen 2020 da aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, kowane layi na da mai shi a rubuce. To a unguwa irin Rumde, wa ke amfani da intanet shi kaɗai? Mai shago ya sayi data mai yawa, ya ba maƙwabcinsa tela lambar sirri saboda mutunci, yaron shago ya ba abokansa, ɗalibai su zo cike takardun makaranta su zauna suna sauke abin da suka ga dama. A gida ma waya ɗaya ce ke ba mutum goma intanet. Ɗaya daga cikinsu ya yi ta rarraba fim ɗin wani, takardar gargaɗi kuwa ta tafi wurin Alhaji mai layin, wanda ko sunan fim ɗin bai taɓa ji ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shi kuma kamfanin ba alƙali ba ne, ba shi kuma da dalilin wahalar da kansa wajen bincike. Doka na kare shi ne idan ya gaggauta ɗaukar mataki. In ya yi jinkiri, shi za a maka a kotu. Amurka ta nuna inda wannan hanya ke kaiwa. A 2019 masu taya alƙali yanke hukunci suka ɗora wa kamfanin Cox Communications diyyar dala biliyan 1 a ƙarar da Sony da wasu kamfanonin waƙa suka shigar, bisa zargin bai yanke layukan masu satar waƙa ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke adadin kuɗin a 2024, magana ta kai har Kotun Ƙoli, amma kowane kamfani ya riga ya ga abin da rashin yanke layi zai iya jawo masa. Wane manaja ne zai sa kamfaninsa a irin wannan haɗari saboda mai shago ɗaya? Faransa ma ta gwada yanke layi da dokar Hadopi ta 2009, sannan ta janye wannan hukuncin a 2013.

Wata ɗaya babu intanet, ga ma'aikacin gwamnati takura ce kawai. Ga mai shagon cike fom ana tsakiyar rajistar JAMB, ko matar da ke sayar da atamfa da turaren wuta ta Facebook, jari ne ya karye, abokan ciniki kuma sun koma wani wuri.

Irin wannan hukunci ya riga ya iso mana ta wata ƙofa. YouTube na rufe tashar da ta tara ƙorafin haƙƙin mallaka uku cikin kwana 90. Mai ɗaukar bidiyon biki a Jimeta ya ɗora aikinsa don talla, na'ura ta ji waƙar Hausa ko ta Fulfulde da makaɗin biki ya saka, sai a toshe bidiyon ko a karkatar da kuɗin tallarsa ga wani. Wani lokaci ma mai ƙorafin ba shi ne mai waƙar ba.

Dokarmu ta bar ƙofar kare kai: wanda aka gargaɗa na iya ƙalubalanta idan kuskure aka yi, wanda ya shigar da ƙorafin ƙarya da gangan kuma zai biya diyya. Sai dai wa'adin gajere ne, saƙon da Turanci yake zuwa, sau da yawa ta imel ɗin da wani yaro ya buɗe wa mai shago shekarun baya, lambar sirrinsa ta ɓace. A ganina, Hukumar ta wajabta a riƙa aika gargaɗi ta saƙon waya, da harshen da mutum ke ji, kuma ɗan'adam ya duba ƙorafi kafin a rufe wa kowa hanyar abinci.

Kafin a kai can, mai shago ya raba layin sana'a da wanda yake ba jama'a, ya riƙa canza lambar sirri, ya karɓo imel ɗinsa hannunsa. Mai bidiyo kuma ya nemi izinin mawaƙi a rubuce, ko da ta WhatsApp ne, ya adana saƙon.